Kafin a sake salanga, a fara da awo

In kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, lokacin gini da gyaran gida ya zo. A garuruwan Mai Yara, cikin gundumar Dakoro, jahar Maradi, wani na gyaran katanga, wani na ɗora ɗaki. Wani kuma yana so ya sake salangar gidansa, ya fidda tsohuwa ya sa sabuwa. Wannan niyya ce mai kyau. Amma akwai kuskure guda da ke ɓata aikin. Shi ne a sayi kaya tukuna, sannan a zo a duba ko sun yi daidai da wurin.

Magidanci ya tafi kasuwar Maradi ko ta Dakoro. Ya ga kwanon salanga fari mai ƙyalli, ya biya, ya ɗauko. Da ya iso gida sai ya tarar bakin kwanon na duban ƙasa, tiyon gidansa kuwa ta bango ya fita. Ko kuma ya tarar ramin ya kusa cika. Kuɗi sun tafi, aiki ya tsaya. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Darasin nan zai nuna abin da ake aunawa, da yadda ake auna shi, tun ba a kashe ko dala ba.

1. Me ya sa salanga ke da muhimmanci?

Cututtuka da yawa daga kashin mutum suke fitowa: zawo, atuni, tsutsar ciki, da kwalara, wato amai da zawo. Ƙuda ya sauka kan kashi, ya tashi ya sauka kan fura. Ruwan sama ya kwashi kashi ya kai tabki ko bakin rijiya. Ta haka ciwo ke bin gida gida.

Jahar Maradi ta san wannan. A shekarar 2018 kwalara ta ɓarke a gundumar Madarumfa, ta bazu. Fiye da mutum 3,000 suka kamu a Nijar, fiye da 60 suka rasu. A shekarar 2021 ta sake dawowa, fiye da mutum 5,000 suka kamu a ƙasar.

Akwai kuma ciwon ido na amodari, wanda ke makantar da mutum a hankali. Ƙudan da ke sauka kan idon yara a cikin kashin da aka bari a fili yake ƙyanƙyasa. Don haka ne a shekarar 2002 Cibiyar Carter ta Amurka, tare da ma'aikatar kiwon lafiya, ta fara koya wa magina na karkara yin salanga mai dal a jahar Damagaram. A shekarar 2009 kuma aka shigo da tsarin ATPC a Nijar, inda mutanen gari da kansu ke yanke shawarar daina kashi a daji. Shirin ƙasa na ruwa da tsabta na 2016 zuwa 2030 ya sa burin a daina kashi a fili baki ɗaya.

To amma salangar da aka sa ba daidai ba, ba ta tsare kowa. In tiyo ya toshe, mutanen gida su koma daji. In ƙasa ta rufta, ana iya rasa rai.

2. Salanga iri huɗu

Kafin awo, sai a san abin da ake da shi, da abin da ake so a sa.

Ta farko ita ce ta gargajiya. Rami ne, an jera icce a kansa, an shafe da laka, an bar kafa a tsakiya. Kafa ita ce ƴar ƙofar da ake tsugunawa a kanta.

Ta biyu ita ce mai dal. Dal faifan siminti ne da ake ɗorawa bisa rami. Yana da kafa, da wurin aza ƙafa biyu, da murfi. Irin da ake kira SanPlat a Mozambik da Malawi aka fara yinsa, daga 1979 zuwa shekarun 1980. Yana wankuwa, kuma in rami ya cika ana ɗauke shi a kai sabon rami. Wasu suna ƙara masa dogon tiyo mai fidda wari ta sama. Wannan dabara daga Zimbabuwe ta fito cikin shekarun 1970.

Ta ukku ita ce mai kwanon roba da marfi a ƙasa, kamar kwanon SATO. An fara sayar da shi a Bangaladash a 2013, daga baya ya shigo ƙasashen Afirka, har da Najeriya. In kashi ya faɗa, marfin ya buɗe da kansa, sannan ya koma ya rufe. Ƙuda ba ya fita, wari ba ya tasowa. Ruwan da ake kora shi da shi bai kai lita 1 ba.

Ta huɗu ita ce mai kwanon tangaran, na tsuguno ko na zama. Ƙarƙashinsa akwai gwiwa mai riƙe ruwa, wadda magina ke kira sifon. Ruwan da ke kwance cikin gwiwar shi ke tare wari. Sau da yawa ramin wannan salanga ba ƙarƙashinta yake ba. Yana gefe, tiyo ne ke haɗa su.

Kowace iri da nata awo. Abin da ya dace da wannan ba lalle ya dace da waccan ba.

3. Kayan awo

Ba a bukatar kaya masu tsada. Ga su:

Metir, ko da irin na tela ne.
Igiya da turaku 2.
Doguwar sanda ko gora.
Kwali, da wuƙa, da gawayi ko alli.
Takarda da abin rubutu.

Duk abin da aka auna a rubuta shi nan take. Wanda ya shiga makarantar yaƙi da jahilci, ga ranar da karatunsa zai yi masa rana. A tuna: metir 1 santimetir 100 ne. Santimetir 1 kuma milimetir 10 ne.

4. Awo na farko: ramin

Ramin shi ne tushe. In ramin ba shi da kyau, duk abin da aka ɗora masa asara ne.

A zura doguwar sanda ta kafa, a hankali, har ta taɓa abin da ke ciki. A sa alama a kan sandar daidai da daɓe. A fiddo ta, a auna daga ƙarshenta zuwa alamar. Wannan shi ne filin da ya rage. Bayan haka a ƙone sandar, a wanke hannu da sabulu.

In filin da ya rage santimetir 50 ne ko ƙasa da haka, ramin ya cika. Ba kwano yake so ba, sabon rami ake so.

In ya fi haka, sai a yi lissafi. A ramin da ba a zuba masa ruwa da yawa, mutum guda yana tara wajen lita 60 a shekara. Rami kewayayye mai faɗin metir 1, kowane metir na zurfinsa yana ɗaukar lita 785. Misali, gida mai mutum 8: 8 sau 60, lita 480 ke nan a shekara. An auna, filin da ya rage metir 1 da rabi. A cire santimetir 50 na sama, saura metir 1, wato lita 785. Ramin nan ba zai kai shekara 2 ba. Ashe ba dabara ba ce a kafa masa kwanon tangaran da siminti. Dal da ake iya ɗaukewa ya fi dacewa da shi.

Sai a duba jikin ramin. Ƙasar Mai Yara, kamar ta Kornaka da Sabon Mashi, jigawa ta yi mata yawa. Rairayi ba ya tsayawa shi kaɗai in ya jiƙa. Ramin da ba a gina cikinsa ba yana iya daɗewa muddin a bushe yake. Ranar da aka sa masa kwano mai ruwa, kullum ana kwarara masa bokiti, bangonsa zai fara zubewa daga ƙasa. Damana ta zo ta ƙarasa. Don haka a ƙasa mai rairayi sai a gina cikin ramin da bulo tun daga ƙasa har sama. A sassan ƙasa ana barin ƴan ƙofofi tsakanin bulo don ruwa ya tsotse. Santimetir 50 na sama kuwa a liƙe shi sarai da siminti. Rami kewayayye ya fi mai kusurwa huɗu ƙarfi.

Alamun haɗari ukku ne: daɓe ya tsage, ƙasa ta lotsa a gefen salanga, ko daɓe na motsi in an taka. In an ga ɗaya daga ciki, a hana yara shiga, a kira magini.

Kada kowa ya shiga cikin ramin salanga don dubawa. Iskar da ke ciki tana sumar da mutum, tana kisa. Kada kuma a leƙa da ashana ko fitilar kananzir, don iskar tana kama wuta. Tocila ta isa.

5. Awo na biyu: bakin rami da dal

Dal ba ya zama bisa iska. Sai ya sami wurin da zai hau. A auna faɗin bakin ramin, daga wannan gefe zuwa wancan, ta tsakiya. A auna sau biyu, gabas da yamma, kudu da arewa, don tsohon rami bakinsa yakan ci. Babban awon shi za a rubuta.

Dal ya wuce bakin rami da santimetir 10 a kowane gefe, in bakin ginanne ne. Rami mai faɗin metir 1 yana son dal mai metir 1 da santimetir 20. In bakin ba ginanne ba ne, a gina masa zobe na bulo tukuna. Zoben ya ɗaga sama da ƙasa kamar santimetir 15, don ruwan sama ya bi gefe, kada ya shiga ramin.

Akwai ƙaramin dal mai santimetir 60 kowane gefe. Shi ba ya rufe rami shi kaɗai. Bisa daɓen gargajiya ake aza shi, iccen da ke ƙasa ne ke ɗauke da shi. Saboda haka sai a duba iccen. A kankare laka kaɗan a gefe, a soka wuƙa. In wuƙar ta shige da sauƙi, gara ta ci shi ko ya ruɓe. Wanda ya ɗora siminti bisa ruɓaɓɓen icce, garin neman gira zai rasa ido.

Sabon dal a bar shi cikin inuwa, a riƙa jiƙa shi kwana 7. Kafin a kai shi bisa rami a gwada shi a ƙasa. A ɗora shi kan ƴan guntayen katako 4, mutum 5 ko 6 su hau. In zai fashe, gara ya fashe nan.

6. Awo na ukku: kafa da bango

Faɗin kafar tsuguno santimetir 16 zuwa 18 ya isa. Kada ta kai inda ƙaramin yaro zai iya zurmawa. Kafa mai faɗi tana tsorata yara, sai su ƙi shiga, su koma bayan danga.

A auna daga bangon baya zuwa kafa. In ta matse da bango, mai tsuguno ba ya samun wuri, kuma bangon yana ɓaci. Hanya mai sauƙi ita ce a zana wurin da gawayi, babban mutum na gidan ya tsuguna da tufafinsa a gani. A duba kuma ko ƙofa na buɗewa da rufewa ba ta bugi kwanon ba.

Wanda zai sa kwanon roba bisa tsohon dal, ya aza kwali bisa kafar, ya zana girmanta, ya yanke. Wannan kwalin zai tafi da shi kasuwa. Gindin kwanon ya shige kafar, kuma marfin da ke ƙasa ya sami filin buɗewa sosai, kada ya taɓa icce ko siminti. In kafar ta yi kaɗan, kada maigida ya ɗauki guduma da kansa. Dal mai doro ba shi da ƙarfe a ciki, yana iya tsagewa. Dal mai ƙarfe kuma, in aka yanke ƙarfen, ƙarfinsa ya tafi. Magini ne zai duba, ko ya faɗaɗa a hankali, ko ya gina ɗan dakali a sama ya zaunar da kwanon.

Akwai maganar alƙibla. Musulmi ba sa so mai tsuguno ya fuskanci gabas ko ya ba ta baya. Don haka kwano yakan dubi kudu ko arewa. A yanke wannan tun kafin a haƙa hanyar tiyo. In aka juya kwano daga baya, bakinsa ma ya juya, sai ya saɓa da tiyo.

7. Awo na huɗu: tiyo

Wannan ya shafi salangar da raminta ke gefe. Abu ukku ake dubawa: inda tiyon ya fito, da faɗinsa, da gangarensa.

Inda ya fito. Wani tiyo daga daɓe yake tasowa. Wani kuma ta bango yake shigowa. Kwanon zama ma iri biyu ne: mai baki ƙasa, da mai baki baya. Mai baki ƙasa na tiyon daɓe ne. Mai baki baya na tiyon bango ne.

In tiyon a daɓe yake, a auna daga bango zuwa tsakiyar bakinsa. Tsakiya, ba gefe ba. In za a yi wa bangon shafe daga baya, a cire kaurin shafen, don wurin zai ragu. Wannan tazara ba ɗaya ba ce ga kowane kwano. A Amurka yawancin kwanoni santimetir 30 da rabi ne, amma kayan da ke kasuwannin nan daga ƙasashe dabam dabam suke, kowane da nasa awo. In tazarar gidan ta kasa ta kwanon, kwanon zai daki bango, ba zai zauna ba. In ta fi, sai a sami fili a bayansa.

In tiyon ta bango yake, a auna daga daɓe zuwa tsakiyar bakinsa. Kwanonin zama masu baki baya da yawa, bakinsu na wajen santimetir 18 daga ƙasa. In tiyon bango ya fi bakin kwano tsawo, ruwa ba zai hau ba. Sai dai a ɗaga kwanon da dakali, ko a sauko da tiyon.

Faɗinsa. Tiyon roba na salanga akwai mai milimetir 100, akwai mai 110. Masu kayan Najeriya suna cewa inci 4. Bambancin santimetir 1 ne kawai, ido ba ya rabewa, amma ba sa shiga juna daidai. Inda suka haɗu zai riƙa yoyo ƙarƙashin daɓe, ƙasa ta jiƙa, wari ya taso. Dabara ita ce a yanki ɗan guntun tsohon tiyon a tafi da shi kasuwa, a gwada shi da bakin kwano da gwiwa a gaban mai kanti.

Gangarensa. Ruwa ba ya hawan tudu. Tiyo ya gangara daga kwano zuwa rami. Ga kowane metir 1 na tsawo, ya sauka santimetir 4. In ya kasa santimetir 3, ruwan bokiti ba ya iya tura kashi, sai ya kwanta a hanya. Misali: rami na nesa da kwano metir 2. Bakin tiyo na wajen rami zai kasa na wajen kwano da santimetir 8.

Ga yadda ake aunawa. A kafa turke wajen kwano, a kafa wani wajen rami. A sami siririn tiyo wanda ake ganin cikinsa, a zuba ruwa, a ɗaga bakinsa biyu jikin turakun. Inda ruwan ya tsaya a nan da can, tsawonsu ɗaya ne. A sa alama, a ɗaure igiya. Daga igiyar ake auna zurfin hanyar tiyo. In an ga gangaren ba zai samu ba, sai a ɗaga daɓen salangar.

Tiyo ya zama gajere kuma miƙaƙƙe. Kowace kwana wurin toshewa ce. Ƙarshensa ya leƙa cikin rami kamar santimetir 10, don ruwa ya zuba tsakiya, kada ya bi bango ya cinye shi. A rufe shi da ƙasa sosai, don amalanke ko dabba kada su fasa shi.

8. Awo na biyar: ruwa

Wannan awon ba da metir ake yinsa ba, amma ya fi sauran nauyi. Kwano mai gwiwa ba ya aiki sai da ruwa. Na tsuguno yana shan lita 2 zuwa 3 kowane shiga. Na zama mai tanki a baya yana shan lita 6 ko fiye.

A sake ɗaukar gida mai mutum 8, kowa na shiga sau 2 a yini. Shiga 16 ke nan. Kwanon roba mai marfi: bai wuce lita 16 ba. Kwanon tsuguno mai gwiwa, a lita 3: lita 48, kusan bido 2 na lita 25. Kwanon zama mai tanki, a lita 6: lita 96, kusan bido 4. Kuma kullum ne, rani da damana.

A wurare da yawa na gundumar Dakoro rijiyoyi na da zurfi, ruwa sai da wahala. Mata da yara ne ke ɗebo shi, su ne kuma ke wanke salanga. Saboda haka maigida ya zauna da matan gida kafin ya zaɓi kwano. Su suka san bido nawa ke shigowa gidan, da yadda famfo ko rijiya ke yi cikin watan Afrilu da Mayu. Gidan da ruwa ke yanke masa, dal mai murfi ko kwanon roba ya fi masa kwanon tangaran.

A duba kuma abin da mutanen gida ke tsarki da shi. Kwano mai gwiwa da kwanon roba na masu tsarki da ruwa ne. Dutse, kara, tsumma da leda suna toshe su.

In akwai tsoho, ko mai ciki, ko mai ciwon ƙafa da ba ya iya tsuguno, ba dole sai kwano mai tanki ba. Ana iya gina ɗan kujerar siminti bisa kafa, ko a sa kujerar katako mai ƙofa a tsakiya, a kafa icce a bango don kamawa.

9. A kasuwa

Maigida ya tafi da abu ukku: takardar awo, kwalin da ya yanka, da guntun tiyo. In da hali ya tafi da maginin da zai yi aikin. Ga tambayoyin da zai yi wa mai kanti:

Bakin kwanon nan ƙasa yake duba ko baya?
Daga bango zuwa tsakiyar bakinsa santimetir nawa ne?
Gwiwarsa tana jikinsa ko dabam ake saye?
Wane tiyo ke shigarsa?
In bai yi daidai ba, ana karɓa a musanya?

Kada ya tsaya ga amsar baki. Ya kifa kwanon, ya auna da metir ɗinsa. Ya ƙwanƙwasa tangaran da yatsa, in yana da tsaga ƙararsa ba ta fita sarai. Kwanon roba kuma ya taɓa marfin ya ga yana buɗewa yana komawa. Wani irin yana da ɗan kofi a bayan marfin da ake cikawa da siminti don ya yi nauyi. A tambaya, don in ba a cika shi ba marfin ba ya rufewa.

10. Gwaji kafin siminti

Kada a fasa tsohuwar salanga sai kayan sabuwa sun cika a gida. A kuma shirya inda mutanen gida za su shiga cikin kwanakin aiki, ko gidan maƙwabci, ko ɗan rami na wucin gadi mai danga. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Magini ya jera kwano da gwiwa da tiyo a wurinsu, ba siminti, ba gam. Mutum guda ya kwarara bokitin ruwa, wani ya tsaya wajen rami ya ga fitarsa. A duba abu ukku. Ruwan ya fita da gudu? Akwai yoyo a mahaɗa? Ruwa ya rage kwance cikin gwiwa? In gwiwar ta karkace, ruwan zai tsiyaye, wari ya dawo. In duka ukkun sun yi kyau, sai a sa gam, a zuba siminti. Daɓe ya ɗan gangara zuwa kwano, don ruwan wanki ya shige. A ba siminti kwanaki ya kama kafin a fara shiga.

Maganar murfi kuma: dal wanda ba shi da tiyon wari, a rufe kafarsa kullum. Mai tiyon wari kuwa ba a toshe kafarsa, don iska ta nan take shiga ta fita ta sama. Tiyon ya wuce rufin ɗaki da santimetir 50, a ɗaure masa raga a baki don ƙuda, cikin ɗakin kuma ya zama da ɗan duhu.

11. In sabon rami za a haƙa

Ramin ya yi nesa da rijiya metir 30 ko fiye, kuma ya zama ta gangare, ba ta tudun rijiyar ba. Gindinsa ya tsaya aƙalla metir 1 da rabi sama da ruwan ƙasa. Masu zama cikin fadama ko kusa da gulbi su kula da wannan ƙwarai, don ruwa kusa yake gare su. Kada a haƙa dab da katanga, ko hanyar da ruwan sama ke bi. Tsakaninsa da tsohon rami a bar tazara gwargwadon zurfinsa.

Tsohon rami a cika shi da ƙasa, a danne, a sa alama. A bar shi shekara 2. Bayan haka abin da ke ciki ya zama taki, ƙwayoyin cuta sun mutu. Wasu suna dasa icce a wurin, yana tashi da kyau.

A ƙofar sabuwar salanga a ajiye buta da sabulu. In babu sabulu, toka ta yi. Kashin jarirai ma a zuba shi cikin salanga, don yana ɗauke da cuta kamar na manya. Wanda yake neman ƙarin bayani ya tambayi ma'aikacin tsabta a gidan likita mafi kusa, ko ofishin magajin gari.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wace irin salanga ta fi yawa a garin nan? Me ya sa?
2. Me ke samun ramin da ba a gina ba, in ana zuba masa ruwa kullum?
3. Don me ake shawara da matan gida kafin a sayi kwano?
4. Abu ukku nawa ake tafiya da su kasuwa? A faɗe su.

Karatu da rubutu

A karanta, a lura da bambancin k da ƙ: kafa, ƙafa. Kafar salanga. Ƙafar yaro. Kada kafa ta yi faɗi, don ƙafar yaro kada ta zurma.

Lissafi

1. Rami na nesa da kwano metir 3. Ana son gangaren santimetir 4 ga kowane metir. Tiyo zai sauka santimetir nawa?
2. Bakin rami ginanne yana da faɗin santimetir 90. Dal zai wuce da santimetir 10 kowane gefe. Faɗin dal nawa ne?
3. Gida mai mutum 10, kowa na shiga sau 2 a yini, kowane shiga lita 3. Lita nawa ke nan? Bido nawa na lita 25 za a ɗebo?

Amsa: 1. Santimetir 12. 2. Santimetir 110. 3. Lita 60, sai an ɗebo bido 3, lita 15 su rage.

Kowane ɗalibi ya auna salangar gidansu, ya rubuta awon a takarda, ya kawo wa malami ranar karatu ta gaba.